Ina so in kai yarona Yawuri hutu, uwarsa ta ce sai bayan ranta

Tela Ɗan Yawuri: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Wani mai ɗaukar hoto da nake yi wa ɗinki a nan Agege ya tura min wani fim ɗin ƙasar Meziko na 2009, Alamar. Ba faɗa, ba rawa, maganar ma ba ta da yawa. Masunci ne ya tafi da ɗansa ƙarami teku, suka zauna a ɗakin katako da aka kafa a kan ruwa, kafin yaron ya koma Italiya wajen uwarsa. Su kama kifi, su gyara, su ci, shi ke nan. Akwai wata balbela da ta saba da su, uban yana nuna wa yaron yadda zai miƙa mata hannu a hankali kar ta tashi. A nan na ajiye almakashi, ɗinkin da ban ƙarasa ba ke nan a daren.

Mahaifina har gobe yana jefa birgi a kogin Neja. Ina ɗan shekara bakwai na iya riƙe filafili. Ɗana Abba shekararsa takwas, kifi mai rai bai taɓa gani ba sai tarwadar cikin baho a kasuwa. Daga boko sai Islamiyya sai wayar uwarsa. Ina so mu tafi hutun Disamba, mako uku, ni da shi, mu dawo tare. Maman Abba haifaffiyar Agege ce, ta ce ba ta san zancen ba. Wanda ya bi hanyar kwanan nan da yaro, nawa ne kuɗin mota, kuma yaya yaron ya yi da ruwan sha da sauro?

Alhajin Albasa, Mil 12: Ka kai shi, ka bar shi ya sauke Alƙur'ani. Mu duk haka aka yi mana, ga mu nan ba mu lalace ba.

Ummu Hanan: Tsakani da Allah, yaro ɗan shekara takwas za ka tura shi kaɗai har Kebbi? Ku ji tsoron Allah, maza.

Tela Ɗan Yawuri: Hajiya, tare za mu je, tare za mu dawo. Alhaji, ba karatu zan kai shi ba.

Baban Sadiq, Idi-Araba: Ƙanina, ni ma "tare za mu dawo" na ce. Sadiq yana shekara shida na kai shi garinmu hutun mako biyu. Ranar da za mu taso, na ɗaura masa takalmi, tsohuwa ta fito ta zauna a bakin ƙofa ta ce in na fita da yaron nan ba ta yafe min nononta ba. Wai ita ba ta da mai miƙo mata buta. Wana ya ce in bar shi zuwa babbar Salla, ai ɗa na kowa ne. Wa zai ja da uwa? Na dawo Ikko ni kaɗai da 'yar jakarsa, don a rikice ma na taho da ita.

Matata ta buɗe ƙofa ta leƙa bayana. Ba ta ce komai ba. Ta karɓi jakar ta shige ɗaki, wata biyar tsakani ta tafi gidansu, auren da bai ɗinku ba ke nan.

Salla ta zama shekara huɗu. Da na je ɗauko shi, wana yake kira Baba, ni kuwa Baban Ikko. Ya iya iyo, ya iya ɗana tarko, ya san sunan kowane tsuntsu, wannan ban musa ba. Amma da ya tsuguna fitsari sai na ga jini a ƙarshe, aka ce min ai duk yaran unguwa haka suke, alamar girma ce. Tsargiya ce, daga wanka a kududdufi. Maganin ba wani tsada ba, ƙwayoyi ne aka ba shi gwargwadon nauyinsa, sai dai ba wanda ya ga abin a matsayin ciwo balle a nema. Yanzu shekararsa sha uku yana aji ɗaya da 'yan shekara tara. Mu zauna a ɗaki ɗaya awa biyu, in ban yi magana ba ba zai yi ba. Shi mai fim ɗinka ya nuna maka wannan?

Ummu Hanan: Innalillahi. Allah Ya daidaita tsakaninku, Baban Sadiq. Uwar tana ganinsa yanzu?

Baban Sadiq, Idi-Araba: Ta yi aure a Shagamu. Yana zuwa mata da Salla.

Sani Homa: Maganar mota, ni direba ne. Ibadan, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, sannan Yawuri. Ka tanadi 45,000 kujera ɗaya, yaron ka ɗora shi a cinya. Homa za ku hau ku je ku jefa homa, hhh.

Alhajin Albasa, Mil 12: Wane irin 45,000? Yarona ya tafi da 28,000 har da canjin shayi.

Sani Homa: Yaushe, Alhaji? Kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 ko? Kuma Disamba yake magana, lokacin da kujera take zama gwal.

Alhajin Albasa, Mil 12: Watan jiya. Ku direbobi ku ne matsalar. In ma yana so, ya zo in haɗa shi da tirelar da ta sauke albasa za ta koma, 12,000 ya isa.

Ummu Hanan: Yaro a bayan tirela, cikin hunturu, kwana biyu? Alhaji, jikanka za ka ɗora?

Ɗan Obalende: Malam Tela, kana wahalar da kanka. Ɗakin katako a kan ruwa kake nema? Hau gadar Third Mainland ka leƙa ƙasa, ga Makoko nan, kwale-kwale har ya yi yawa. Balbela kuwa ka je mayankar Oko-Oba, nan bayan gidanku, suna bin shanu kyauta. Ka miƙa hannu a hankali, kar dai ka miƙa aljihu.

Malam Nura, malamin firamare: Barkwanci ne amma akwai gaskiya ciki. Na kai yarana biyu Epe wata Asabar, kasuwar kifi a bakin ruwa, muka yini muna kallon masunta suna sauke kaya. Ƙaramin har yau yana zancen wani ƙaton kifi da ya fi shi tsawo. Abin da yaro yake so shi ne yini guda da ubansa ba keken ɗinki a tsakani. Kuma mu faɗi gaskiya, tsoron Maman Abba ba daga sama ya faɗo ba. A Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse da mutane sama da ɗari kusa da garin Wara a Kebbi, mako uku bayan nan aka kwashe ɗalibai a makarantar tarayya ta Birnin Yawuri. Ita abin da ta sani game da garinku ke nan.

Tela Ɗan Yawuri: Malam, jirgin haya ne aka cika shi fiye da ƙima. Babana ba ya ɗaukar mutum uku a kwale-kwalensa. Kuma a Epe babu kakansa.

Alhajin Albasa, Mil 12: Wai Malam Nura ɗin nan ba a Agege aka haife shi ba? Wanda bai taɓa kwana a ƙauye ba shi zai ba da shawara kan ƙauye?

Malam Nura, malamin firamare: A Agege aka haifi kakana ma, Alhaji. Yara arba'in nake wuni da su kullum. Kai naka suna ina?

Baban Sadiq, Idi-Araba: Duk cikinku ba wanda ya kai ɗa ya dawo babu shi sai ni. Amma ku ci gaba.

Hajiya Mai Waina: Abin da Alhaji ya faɗa wa Malam Nura shi ne yake ci min tuwo a ƙwarya. Na kai 'yata biki Kano, 'yan uwan ubanta suka wuni suna sa ta magana suna dariya, wai Hausarta ta Yarbawa ce, don ta ce "oya mu tafi". Ta dawo ta ce ba za ta sake zuwa ba. A nan kuma 'yan ajinsu "aboki" suke kiranta, yarinya mace. To 'yar ina ce?

Ɗan Obalende: Ni shekara 31 a garin nan, mai gidan haya har yau bai san sunana ba. "Mola" kawai. Rasit ɗin ma haka ya rubuta.

Sani Homa: Kai ka samu rasit. Ni da ejan, dillalin gidan haya, ya ji sunana sai ɗakin ya zama an riga an kama, bayan ya ci kuɗin dubawa.

Hajiya Mai Waina: Nawa ya karɓa? Mu 5,000 aka karɓa a Mushin, ɗakin ma ba mu gan shi ba.

Tela Ɗan Yawuri: Jama'a, maganar ruwan sha da sauro fa? Kuma Maman Abba ta karɓi wayar ta karanta labarin Baban Sadiq har sau biyu. Yanzu ta ce in dai za a je, da ita za a je, ga ta da goyo. Sani, kujera biyu ke nan, akwai ragi?

Sani Homa: A Disamba? Hhh.