Jan wayar gigabit tsakanin gida da shago: me zan saya, me zan guje wa?

Ɗan Ringim:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin harkar. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Ringim. Rauta mai layin 4G tana zaure, kwamfuta biyu suna ɗakuna a cikin gida, sai shago a bakin hanya inda ake buga takardu da haɗa bidiyon biki, tazararsa da gidan kamar mita 70. Yanzu komai da WiFi ne, katangu kuma suna cinye shi. Bidiyo mai gigabait 20 sai an ɗauke shi a filasha an taka da ƙafa. Ina so a ja waya. Wani ya ce in sayi nau'in wayar da ake kira Cat6, wani ya ce Cat7, wani kuma ya ce in tafi gigabit 10 kai tsaye. Wutarmu sola ce da inbata. Me zan saya, guda nawa, kuma ta ina zan bi da wayar?

Injiniya Kazaure:

Wa alaikumus salam Malam. Fara raba gudu biyu a ranka. Akwai gudun intanet da ke shigowa daga kamfanin layi, wannan waya ba za ta ƙara shi ba, sai dai ta hana katanga rage maka shi. Akwai kuma gudun da ke tsakanin kwamfutocinka, shi ne waya take gyarawa. Bidiyon nan naka mai gigabait 20, a kan megabit 100 zai ci kusan minti 30. A kan gigabit 1, wato megabit 1000, kusan minti 3 ne.

Sarƙar tana tafiya ne da gudun mafi rauni a cikinta. Juya rautarka ka duba bayanta ko takardarta, yawancin ƙananan rautocin 4G ramin da ake cusa waya a cikinsu 10/100 ne, wato ba ya wuce megabit 100. Ba sai ka jefar da ita ba. Sayi suwic, wato ɗan akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutoci wuri guda, mai rami 8 wanda aka rubuta 10/100/1000, irin wanda ba a saita komai a cikinsa. Kowace kwamfuta ta shiga suwic, sai waya ɗaya tak ta tafi daga suwic zuwa rauta. Hirar kwamfuta da kwamfuta a cikin suwic take ƙarewa, ba ta bi ta rauta. Kwamfutar da ba ta da rami, saya mata adafta ta USB 3.0, mai shuɗin baki. Ta USB 2.0 ba za ta kai ko rabin gigabit ba.

Waya kuma, Cat6 ta ishe ka. Tana ɗaukar gigabit har mita 100, wato mita 90 a bango da mita 10 na gajerun wayoyin da ke ƙarshe biyu. Manta da Cat7, tana da rufin ƙarfe da ke buƙatar atin mai kyau, wato haɗin da ke kai wuta ƙasa, kuma da kan RJ45 na yau da kullum, wato kan roban da ake matsewa a bakin waya, babu abin da za ta ƙara maka.

Inda ake cutar mutane shi ne ainihin ƙarfen da ke ciki. Akwai wayar da ake kira CCA, alminiyon ne aka shafe shi da jan ƙarfe. Arha ce, kwalinta ba nauyi, amma tana karyewa a cikin kai bayan 'yan watanni, kuma tana zafi idan aka tura wuta ta cikinta zuwa kyamara ko na'urar WiFi. Ko a Beirut Road ta Kano ko a ina za ka saya, ka ce a yanko maka ɗan guntu tun kana tsaye. Kankare sili ɗaya da reza: idan fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyon ne. Ko ka sa masa ashana, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, alminiyon zai lanƙwashe ya zube. A jikin wayar nemi 23AWG ko 24AWG, ma'aunin kaurin silin ke nan.

Kwali guda mita 305 ne. Ja waya bibbiyu zuwa kowane ɗaki, wahalar ja ɗaya ce, kuma ranar da ɗaya ta mutu ba sai an sake fasa bango ba. Ɗaki biyu da zaure, in kowane ja bai wuce mita 25 ba, rabin kwali ya isa. Wayar bango kowane silinta ƙarfe guda ne dunƙulalle, ba ta son lanƙwasa kullum, don haka ta ƙare a soket na bango, daga nan ka sa gajeruwar waya haɗaɗɗiya zuwa kwamfuta.

Jerin launi iri ɗaya a ƙarshe biyu, tsarin B: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kada ka warware murɗin silin fiye da milimita 13, murɗin nan shi ke kare saƙo daga hayaniyar wuta.

Mai Sola Haɗeja:

Injiniya ya gama da cikin gida, amma don Allah Malam kada ka ja wayar jan ƙarfe zuwa shagon. Mita 70 ba ta wuce ƙa'ida ba, gaskiya ne, matsalar damina ce. Ba sai aradu ta faɗo a kan wayar ba. Ta faɗi a gona can nesa ma, doguwar waya tana ɗaukar ƙarfin, ga shi atin ɗin gida daban na shago daban, sai bambancin ya bi ta wayar intanet ya ƙone ramin suwic, wani lokaci har da babban allon na'ura da ke cikin kwamfuta. Rataye ta a sama daga azara zuwa bishiya ya fi komai muni.

Faiba ce maganin, saboda gilashi ce, haske ke bi ta ciki, wuta ba ta bi. Kuma ba sai ka kira mai injin haɗawa ba. Nemi faiba singil mod wadda aka riga aka sa mata kawuna a masana'anta, mita 100 domin a samu rara, da kwanbata biyu na gigabit masu juya haske zuwa waya. Idan faibar mai sili ɗaya ce, kwanbatocin miji da mata ne, ɗaya A ɗaya B, ɗaya yana tura haske a nanomita 1310 ɗayan a 1550, wato kowanne da irin haskensa. Ka sayi A biyu, fitila ba za ta taɓa kamawa ba. Duba kuma bakin kan ya dace da ramin, SC ko LC, tun a shago.

Haƙa rami kamar rabin mita, sa fayif na PVC mai milimita 25, ka manne gaɓoɓinsa da gam saboda ruwa da gara. Kada ka ja faibar ta kanta, ɗaura igiyar a jikin rigar, ka bar murfin kan a rufe har sai lokacin sakawa, ƙurar hunturu ƙwaya ɗaya a bakin ta isa ta rage haske. Kada lanƙwasarta ta fi zagayen gwangwanin madara matsewa. Kada kowa ya leƙa bakinta da ido idan na'ura tana kunne, hasken ba ya ganuwa amma yana illa. In ka samu wadda ba ƙarfe a rigarta, ita ta fi. Mai sulken ƙarfe sai an haɗa sulken da atin a inda ta shiga gini.

Cikin gida ma a sa wayar a fayif. Ɓera a silin ba ya barin Cat6. A nisanta ta da wayar inbata kamar santimita 30, in dole su haɗu su gitta juna, kada su jera.

Batun gigabit 10, ban ba ka shawara ba. Na'urorinsa suna cin wuta suna zafi, yawancin ƙananan suwic kuma an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, ka san yadda ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu. Suwic na gigabit da kwanbata biyu gaba ɗaya wat 10 ne ko ƙasa, wato kamar wat-awa 240 a yini da kwana. Ƙaramin batir na DC zai riƙe su ba tare da an bar inbata a kunne duk dare ba. Sai dai ka karanta jikin cajar kowanne, wani bolt 5 ne, wani 9, wani 12, bakin fulogin kuma iri ɗaya. Sa 12 a na 5 ƙonewa ne nan take.

Ɗan Ringim:

Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Akwai tsohuwar rauta, za ta iya ba da WiFi a shago? Kuma yaya zan tabbatar gigabit ɗin ya kama?

Injiniya Kazaure:

Za ta iya. Shiga saitinta ka kashe DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, ka ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar rauta ba, sannan ka sa wayar a ramin LAN, ka bar na WAN fanko. In ka bar DHCP biyu suna raba adireshi, intanet zai riƙa zuwa yana ɗaukewa ba dalili. Amma kwamfutar shago kada ta bi ta tsohuwar rautar, ƙara ƙaramin suwic na gigabit mai rami 5 bayan kwanbata, kwamfuta da rautar su shiga nan.

Gwaji kuwa, fara da testa mai fitilu 8, su kama ɗaya bayan ɗaya a jere a ɓangare biyu. A Windows danna maɓallin Windows da R, rubuta ncpa.cpl, buɗe katin wayar ka ga gudun. Idan ya nuna 100 maimakon 1.0 Gbps, kusan kullum sili ɗaya ne bai taɓa ba. Megabit 100 sili huɗu kawai yake amfani da su, gigabit kuma sai takwas sun cika, shi ya sa waya mai lahani take aiki amma a hankali. Yanke kan ka sake matsewa. Daga nan gwada da iperf3, manhajar auna gudu, tsakanin kwamfuta biyu, lafiyayyen gigabit yana ba da kusan megabit 940.

In iperf3 ya cika amma kwafin fayil yana jan ƙafa, laifin faifan ajiya ne, tsohon hadis ko filasha. Sai ka sa SSD, faifan ajiya mai sauri, a ɓangare biyu kafin ka yi tunanin gigabit 2.5, wanda Cat6 ɗin nan za ta ɗauka ba tare da an sake jan waya ba, suwic da adafta kawai za a canza, sai kwanbatocin faibar. Kuma a gargaɗi yaran shago kada wani ya ga waya a ƙasa ya cusa bakinta biyu a suwic ɗaya, gidan gaba ɗaya zai tsaya cak har sai an zare ta.