Wai da gaske fasto ne ya koyar da James Madison?

Ɗalibar tarihi: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Malaminmu ya ce cikin mutum 56 da suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka ta 1776 akwai wani fasto, John Witherspoon, wai kuma shi ne shugaban kwalejin da ta koma Jami'ar Princeton. Ya akai mutum ɗaya ya haɗa coci da makaranta da siyasa?

Tsohon malami: Gaskiya ne ƙanwata. Ɗan Sikotilan ne, an haife shi 1723, yana limancin cocin Presbyterian a garin Paisley aka aiko masa goron gayyata, da farko ma matarsa ta ce sam ba za ta ƙetare teku ba, sai da aka yi ta lallashi sannan suka taho a 1768. Lokacin kwalejojin nan kusan duk coci ne ya kafa su don a samu masu wa'azi, shi ya sa ba abin mamaki ba ne fasto ya riƙe ta. Ya tarar ba kuɗi ba littattafan kirki, ya dinga yawo gari-gari yana wa'azi yana neman gudummawa, kuma da kansa yake shiga aji. James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya gama kwalejin a 1771 amma ya ƙara zama wajensa yana koyon Ibrananci. Yaƙin neman 'yancin Amurka ma bai bar Witherspoon ba, an lalata ginin makarantar, ɗansa James kuma aka kashe shi a fagen yaƙin Germantown a 1777. Shi Witherspoon ɗin ya makance kafin ya rasu a 1794.

Ɗan Kumasi: Malam ka tsallake wajen da ya fi ci min rai. A 1774 ya karantar da 'yan Afirka biyu, Bristol Yamma da John Quamine, shi Quamine ɗan Anomabu ne nan bakin tekunmu na Gana, ana shirya su su dawo gida wa'azi yaƙi ya ɓata shirin. Amma shi wannan mutumin da ya zaunar da su yana biya musu karatu, bayi biyu aka lissafa cikin dukiyarsa da ya mutu, kuma a 1790 bai goyi bayan a 'yanta bayin jihar New Jersey nan take ba, a ganinsa bautar za ta mutu da kanta. Wallahi har yau abin na damuna.

Ɗalibar tarihi: Kai, wannan ba a faɗa mana a aji ba. Gobe da shi zan fara in malam ya shigo.