Lambar IP na gani a rauta, ta wace kwamfuta ce?

Mai Kwafi Mansur: Salamu alaikum 'yan'uwa. Tun shekaranjiya intanet ɗin shago ke jan ƙafa, masu Umara na tsaye ina son buga musu takardu, abu ya ƙi. Yaro ya shiga rauta ya ce wata lamba 192.168.1.23 ce ke zuƙe komai. Yaya zan gane ta wace kwamfuta ce?

Ɗan Hindawiyya: Wa alaikumus salam. Buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ping -a 192.168.1.23, sunan zai fito a layin farko.

Injiniya Jidda: In ta yarda ta faɗa ba. Idan bai fito ba Yaya, gwada nbtstat -A sai lambar, A ɗin babba. Amma Windows ce ke amsa wannan, waya ko ta kula ka.

Ɗalibin Madina: Ni nslookup na sani.

Injiniya Jidda: Shi nslookup DNS yake tambaya, wato kundin da ke haɗa suna da lamba a intanet, kuma sai an rubuta sunan a rajistar da ake kira PTR. Buga nslookup 8.8.8.8 za ka ga dns.google, don Google sun rubuta nasu. Duk lambar da ta fara da 192.168 kuwa ta cikin gida ce, duniya ba ta san da ita ba. Rautar da ta raba lambobin ita za a tambaya. A shiga wajen DHCP, wato sashen rabon lambobi a rauta, jerin na'urorin na nan.

Mai Atamfa Bab Makka: Alhaji don Allah kada ka toshe lambar nan sai ka tabbatar. Ni an yi mini. Bara gab da Hajji na kira wani mai gyara kan irin wannan matsalar, ko sunan na'urar bai duba ba, ya ga lamba ya toshe, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da dare aka kashe rauta, da safe ta sake rabon lambobi, sai wadda aka toshe ta faɗa kan injin shabaka, wato POS ɗin biyan kuɗi da kati. Shago cike, mata sun zaɓi leshi da abaya an ɗaure a leda, a ɗora kati ya ƙi. Wata baiwar Allah ta ajiye kayan a kan tebur ta shiga shagon gaba ina kallo. Na kira shi har na gaji, bai ɗauka ba. Da ɗana ya dawo makaranta ya buɗe jerin nan da Injiniya ya faɗa, ashe talabijin ɗin ɗakin sama ce, sunanta ɓaro-ɓaro a rubuce, yara na kallon YouTube tun safe. Lambar nan aro ce, yau tana wajen wannan gobe tana wajen wancan.

Hajiya Rusaifa: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri.

Ɗan Hindawiyya: To a toshe ta MAC mana, lambar da na'ura ke zuwa da ita daga kamfani, ita ba ta canzawa.

Injiniya Jidda: Da can ne. Tun Android 10 da iOS 14 waya na ƙirƙiro MAC na daban ga kowane waifai. A kwamfuta da firinta dai yana aiki.

Direban Umara: Duk wannan dogon lissafi! Canza fasuwod kawai, wanda ya zo yana ƙorafi shi ne ɓarawon 😂

Baba Alhaji: A'a ɗana, kar ka kira maƙwabci ɓarawo. Wataƙila Mansur da kansa ya ba shi fasuwod ɗin ya manta.

Direban Umara: Baba, wanda aka ba ya ba goma fa.

Baba Alhaji: Sai a yi masa magana, ba a kunyata shi ba.

Hajiya Rusaifa: Mu da ba mu da kwamfuta fa?

Ɗalibin Madina: Hajiya sauke Fing a waya, yana jero duk abin da ke kan waifai. Amma a naki kawai, ban da na otal ko na wurin aiki, Saudiyyar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2007.

Mai Kwafi Mansur: Na gode. nbtstat ya fito da wani abu DESKTOP da haruffa barkatai. To wacce ce a cikin kwamfutoci huɗun da ke shagon?

Injiniya Jidda: Sunan da Windows ke laƙaba wa kanta kenan. Bi su ɗaya bayan ɗaya ka rubuta hostname a cmd. Ka kuma sake musu suna, kamar Kanta ko Ofis.

Mai Kwafi Mansur: Uku na duba, ba ko ɗaya. Ta huɗun tana wajen ƙanina, ya kulle ya tafi Azizia.