Maƙeri ko mai sara: wa ke da alhakin muryar bogi?

Ɗan Tsafe: Salamu alaikum. Jiya gwaggona ta Tudun Wada a Gusau ta samu saƙon murya daga baƙuwar lamba. Muryar ɗanta ce sak, har da yadda yake jan "Innaa" idan yana neman wani abu. Wai an tare su a hanyar Funtua, a turo kuɗi kafin magariba. Har ta ciro sarƙarta daga ƙasan akwati za a kai kasuwa, sai ga yaron ya shigo da buhun gawayi a bayan babur, lafiyarsa lau. Muna zargin daga bidiyoyin da yake sakawa a intanet aka kwashi muryar, aka juya ta da fasahar AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta. Ni dai na ce kamfanonin da ke ƙera irin wannan na'ura suna da hannu a cikin wannan zunubi.

Injiniya: Allah ya ƙara tsarewa, Yaya. Amma kamfani ba ruwansa. Maƙerin da ya ƙera adda don sharar gona, in wani ya sari mutum da ita, maƙerin ake kai wa kotu? Wannan fasahar ce fa take karanta wa makaho rubutu, take mayar wa wanda cuta ta ɗauke masa murya da muryarsa. A kama ɓarawo, a bar kayan aiki.

Malamin Kaura: Ɗana, misalinka ya yi, sai dai malamai sun riga ka zuwa wurin. A fiƙihu an hana sayar da makami lokacin fitina, an hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi. Inabin ba haram ba ne, sanin da mai sayarwa ya yi ne matsalar. Tambayar ita ce: masu ƙerawar sun sani ko ba su sani ba?

Injiniya: Allah gafarta malam, ai ba su san mutum ɗaya-ɗaya ba. Miliyoyi ke amfani da abin.

Hajiya Mai Shago: Sun sani mana. A farkon 2023 Microsoft ta nuna wata fasaha, VALL-E, wadda daƙiƙa 3 na muryar mutum ya ishe ta kwaikwayo, kuma su da bakinsu suka ce ana iya yin damfara da ita. A 2024 an yi wa wani kamfani a Hong Kong damfarar kusan dala miliyan 25 ta hanyar taron bidiyo, inda fuskoki da muryoyin shugabannin duk na bogi ne. In ma'aikacin da ke zaune a ofis da kwamfuta ya faɗa, ina ga tsohuwar da ta kwana tana jin labarin satar mutane?

Kawu: Ku tuna 2021. An hana sayar da fetur a jarka a jihar ga, an rufe kasuwannin shanu na mako, an datse layin waya gaba ɗaya. Mai fetur ba shi ne ɗan bindiga ba, amma an ce masa kada ya zuba. Mu talakawa muka sha wuyar dokar, na yi makonni ban ji muryar 'ya'yana ba. To in an iya takura wa mai gidan mai na Gusau, mi zai hana a takura wa mai kamfani a Amurka?

Injiniya: Kawu, ka kawo hujja a kaina kuma ka kawo a kanka. Datse wayar ya kawo ƙarshen ta'addancin? Hani bai cika taɓa ɓarawo ba. Ko duk manyan kamfanoni sun rufe, akwai manhajojin da kowa ke iya saukewa kyauta.

Hajiya Mai Shago: Babu wanda ya ce a rufe, ƙanena. Tarayyar Turai ta yi dokar AI a 2024, ta ce abin da na'ura ta ƙirƙira, murya ko hoto, dole a sa masa alama. Mu ma muna da dokar kare bayanan mutane ta 2023. Muryata tawa ce. Me ya sa za a bari wani ya loda ta ba tare da an tabbatar ni na yarda ba? Ko katin waya ba a sayar maka sai da lambar NIN.

Injiniya: Maganar neman izinin mai murya na yarda da ita. Wanda ya saki abin ba ƙofa ba sakata ya yi sakaci. Amma sakaci daban, sata daban, kada a haɗa su a ma'auni guda.

Malamin Kaura: Ba a haɗa ba. Makiyayin da dabbobinsa suka shiga gona da dare ba ɓarawo ba ne, amma yana biyan ɓarna.

Ɗan Tsafe: Mu dai a gida mun tsayar da shawara: duk wanda ya kira da irin wannan labari, sai ya faɗi sunan da kakarmu take kiransa da shi. Injiniya, kai da ka san kan abin, akwai yadda za a gane irin wannan saƙo da kunne?

Injiniya: Da kunne kam da wuya, Yaya. A katse, a kira lambar mutumin ta asali. Turo mini saƙon in saurara.

Ɗan Tsafe: Ta goge shi tun daren jiya. Ta ce ba za ta kwana da shi a cikin wayarta ba.