Ɗalibi na samun ganawa da manyan mutane a jami'a kuwa?

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Na samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ana cewa sarakuna da gwamnoni da manyan malamai na yawan shigowa. Shin ɗalibi na samun yin magana da su, ko sai hange daga nesa?

Malamin Dundaye:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Suna zuwa, amma ranar da kowa ke sa wa rai, wato ranar bikin yaye ɗalibai, ita ce mafi wuya. Kujerun gaba na masu katin gayyata ne, jami'an tsaro sun kewaye rumfar manya, ana tashi kuma sai mota. Shugaban ƙasa ma galibi wakili yake turowa. Ka fi mai da hankali ga laccocin jama'a da tarukan ƙara wa juna sani na tsangayoyi, domin can ake ba da lokacin tambaya. Isa da wuri, zauna kusa da inda ake miƙa makirufo, rubuta tambayarka a takarda, kada ta wuce jimla biyu. Mai doguwar shimfiɗa shugaban zama ke katsewa.

Tsohon Sakatare:
Hanya mafi tabbas ita ce kwamitin tarbar baƙi na ƙungiyar sashenku. Mai raka baƙo daga mota zuwa zaure ya fi kowa samun minti biyar da shi. In ku za ku gayyato, takarda ta bi ta hannun uban ƙungiya zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, tun da sauran lokaci kafin ranar. Sai an amince sannan ku kai wa mataimakin baƙon, shi ke riƙe da jadawalinsa. Abin da ke ɓata taro: a sa rana kusa da jarabawa zaure ya zama wayam, a manta man janareta, ko a buga sunan mutum a fosta bai amsa a rubuce ba.

'Yar Runjin Sambo:
Ɗan'uwa, ka kula da ladabi, nan Sakkwato ne. Idan Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya halarta, ba a kutsawa a miƙa hannu. Ka rusuna daga inda dogarai suka tsai da kai, ka yi gaisuwa. Kada ka ɗaga waya a fuskar babba don hoto sai ka nemi izini. Kuma kada ka buɗe baki da roƙon kuɗi ko aiki, nan take masu tsaro za su janye ka. Faɗi sunanka da sashenka, yi tambaya kan abin da ya gabatar, sannan ka nemi adireshin imel wajen mataimakinsa.