Me za mu kira wannan katin da ruwansa da Hausa?

Jama'a sallama, ina neman taimakon masu Hausa. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, makon jiya muna kan babin kuɗin ruwa da 'yan aji biyar sai na ɗauko misalin katin nan da Turawa ke sayayya da shi ba da kuɗinsu ba, kiredit kad, kawai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce malam ai katin ATM ne babana ma yana da shi. To a nan na tsaya cak. Na ATM kuɗinka ne ka ajiye kake cira, shi kuwa wancan banki ne ke biya maka yau kai kuma ka biya shi ƙarshen wata, in ka kasa cikawa ruwa ya hau kan abin da ya saura. Na yi ta zagaye-zagaye har aka kaɗa ƙararrawa ban samu suna ɗaya da zan rubuta a allo ba.

Da na tambayi mutane, wanda ya fara ba ni amsa cewa ya yi katin aro. A'a ɗan'uwa, aro ai abin da ka karɓa shi ɗin za ka mayar, kamar tabarma ko galma. Wata malama ta ce katin rance, wannan ya fi kusa, amma rance a kunnen Bahaushe mudu ka karɓa mudu za ka mayar, ba ƙari, tsakanin maƙwabta. Katin lamuni kuma na ji wasu na faɗa kuma yana da daɗin ji, sai dai daɗin ne ma matsalata, kamar an yi maka alfarma. Ni dai na fi karkata ga katin bashi. Ba kwalliya, yaro na ji ya san akwai mai bi.

Amma wallahi ba katin ne ya hana ni barci ba, ruwan ne. A littafinmu iri biyu ne, wanda ake lissafawa a kan asalin kuɗin kaɗai, da wanda shi ma ruwan in ba a biya ba sai ya shiga cikin bashin ya fara jawo nasa ruwan. Na gwada musu da naira 100,000, ruwa kashi 2 cikin ɗari duk wata. Na farkon bayan shekara ɗaya 124,000. Na biyun 126,824. Yaran suka ce haba malam duk surutun nan a kan dubu biyu da ɗari takwas? Na ce ku bari mu je shekara uku. Na farko 172,000, na biyu ya ɗan haura 203,000, wato ya ninka. Ajin ya yi tsit, wata daga baya ta ce kai, wannan ai haihuwa yake.

To maganarta ce na riƙe. Mu fa tun asali muna cewa uwar kuɗi, ɗan kasuwa zai ce maka ko uwa ban fitar ba. In akwai uwa to abin da ta haifa 'ya ce, in 'yar ita ma ta haihu an samu jika kenan. Shi ya sa nake ganin na farko mu ce ruwa bakarare, na biyu ruwa mai haihuwa. Wani ya kawo ruwa kan ruwa, ba laifi, gajere ne kuma ya faɗi abin da ake nufi, amma bai nuna cewa abin ci gaba yake ba tsayawa, kamar sau ɗaya aka ɗora aka bari. Wani kuma ya ce mu ce riba mai ninki, nan kam ban yarda ba, don riba a bakinmu fuska biyu gare ta, ta mai shago da ya sayar ya ci halak ɗinsa, da wadda malamai ke wa'azi a kai. In na rubuta riba a allo rabin aji za su ɗauka abin murna ne.

Saura ɗaya, ɗan abin da bankin ke cewa ka biya duk wata don kar a ce ka saɓa. A Amurka inda katin nan ya zama ruwan dare, bashinsa gaba ɗaya ya haura dala tiriliyan 1 a 2023, kuma tun dokar da suka yi a 2009 dole takardar wata ta nuna wa mutum tsawon lokacin da zai ɗauka in wannan ɗan kaɗan ɗin kawai yake biya. Mun lissafa: ana binka dala 1,000, ruwa kashi 2 a wata, kana ba da 25. A watan farko 20 ruwa ya shanye, 5 kacal ta taɓa uwar. Sai ka yi wata 82, kusan shekara bakwai, ka biya sama da dala 2,000. Ni na sa masa biyan lallaɓa, wani abokin aikina ya ce biyan taɓa-ka-lashe ya fi, sai na ce masa ai bankin ne ke lasa ba kai ba, muka yi ta dariya a ofishin malamai.

Masu cewa me ya haɗa yaranmu da katin Amurka, ku duba wayoyinsu, manhajojin ba da bashi nan take sun cika su, kuma lissafin ruwa na fitowa a jarrabawar WAEC.

Ranar Litinin zan rubuta katin bashi da ruwa mai haihuwa a allo, waɗannan na gama da su. Bakararen ne har yanzu nake ɗan ɗari-ɗari da shi, don na san 'yan bayan aji sai sun mayar da shi sunan tsokana. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ku me kuke cewa?