Shawarwarin da aka tattara kan mai son barin shaye-shaye

Mahalarta wata tattaunawa kan shaye-shaye sun yi ittifaƙi cewa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta giya kwata-kwata, kuma hukuncin ya haɗa da ƙwayoyi da duk abin da ke gusar da hankali, domin abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haramun ne. Sun fi daɗewa a kan yadda za a yi da wanda ya riga ya faɗa ciki: kada a tsine masa, tunda Annabi (SAW) ya hana tsine wa wani sahabi da aka sha yi wa bulala saboda giya. Mai son tuba ya rabu da abokan shaye-shayensa, sannan ya ga likita, saboda daina giya lokaci guda bayan dogon sabo da ita na iya jawo karkarwa da farfaɗiya.